Annobar ɗa'uni da danginta: me ya haɗa ɓera, raƙumi da hanjin mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mahauci ne, naman raƙumi nake sayarwa. Na ji a rediyo cewa ƙwayar da ke kawo annobar ɗa'uni tana da dangi a jikin dabbobi. Shin cutar tana nan har yanzu? Kuma ana iya ɗaukarta daga nama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa sana'a albarka. Eh, ɗa'uni, wato cutar da ake kira plague da Turanci, tana nan. A 2017 ta ɓarke a Madagaska, mutum sama da 2,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu. Ana samunta jefi-jefi a lardin Ituri na Kwango da kuma Peru. Mu ma ta taɓa ziyartarmu, don ta shiga Legas a 1924.

Sunan ƙwayar Yersinia pestis, an sa mata sunan Alexandre Yersin, wanda ya gano ta a Hong Kong a 1894. A danginsu akwai biyu da ke damun mutane da dabbobi: Yersinia enterocolitica da Yersinia pseudotuberculosis. Waɗannan ta baki suke shiga, a hanji suke zama, su jawo zazzaɓi, gudawa da ciwon mara ta gefen dama, har a wani lokaci a ɗauka afendis ne a yi wa yaro tiyata. Ta farkon mazauninta alade ne. Ta biyun kuwa ana samunta a ɓeraye, zomaye, tsuntsaye, tumaki da awaki. Halinsu da ya fi ba ni tsoro shi ne suna hayayyafa ko a cikin sanyin firji. Masu sikila da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa su kula sosai, domin sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jikinsu abinci ne ga waɗannan ƙwayoyi.

Abin da bincike ya bankaɗo shi ne, ƙwayar ɗa'uni 'yar cikin pseudotuberculosis ce, daga gare ta ta ɓalle. Masana sun ciro burbushinta daga haƙoran mutanen da suka mutu kimanin shekara 5,000 da suka wuce, suka ga waccan ta dā ba ta riga ta mallaki abin da zai ba ta damar rayuwa a cikin ƙuma ba. Daga baya ta samu, kuma nan ne bala'in ya soma. Idan ƙuma ta tsotsi jinin ɓera mai cutar, ƙwayoyin sai su dunƙule su toshe mata maƙogwaro. Tana jin yunwa, jinin ya ƙi wucewa, sai ta yi ta cizo tana amayar da ƙwayoyin a cikin ramin cizon. Da ɓeran ya mutu, gawar ta huce, sai ta nemi wani jikin mai ɗumi. Paul-Louis Simond ne ya nuna wannan rawa ta ƙuma a Karachi a 1898. Shi ya sa a wurinmu, ganin ɓeraye na mutuwa barkatai a rumbu ko kasuwa ba tare da an sa guba ba, ƙararrawa ce.

Yanzu ga naka ɓangaren. Raƙumi yana kamuwa. A 1994 mutum biyar a Saudiyya sun kamu, huɗu daga cikinsu bayan cin ɗanyar hantar raƙumi, an kuma ga irin haka a Libiya a 1976 cikin waɗanda suka yanka raƙumi mara lafiya suka feɗe shi. Wuta na kashe ƙwayar, saboda haka mai cin dafaffe ba shi ne abin ji ba. Kai ne, mai wuƙa a hannu, jini har gwiwar hannu, wataƙila da ɗan yanka a yatsa. Na san zafin asara, raƙumi ba ƙaramar dukiya ba ce, amma don Allah dabbar da ta kwanta ba a san dalili ba, kada a yi gaggawar kai mata wuƙa don a ceci kuɗi. A kira likitan dabbobi tukuna. Kuma a daina ɗanɗana ɗanyar hanta wajen fiɗa.

Alamarta a mutum ita ce zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da kaluluwa mai raɗaɗi a matsematsi, hammata ko wuya, cikin kwana ɗaya zuwa bakwai bayan ƙwayar ta shiga jiki. Idan ta kai huhu, da tari da jini a majina, ana ɗaukarta ta numfashi, kuma dole a fara magani cikin awa 24. Tana jin magani: gentamicin, doxycycline da ciprofloxacin duk suna aiki. Sai dai kada ka saya da kanka a kemis. Ka je asibiti, ka faɗa wa likita sana'arka da irin dabbar da ka taɓa a makon, domin wannan bayanin ne zai sa ya yi tunanin cutar da wuri.