Wa ya raɗa masa suna?

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na soke sunayen mutanen labarinka, wanda ka gina a kan wata ƙasa ta nan gaba da mulkin danniya ya shaƙe. Ka kira shugaban Janar Azzalumi, jarumin kuma Adali. To ai mai danniya ba ya yarda a kira shi da sunan halinsa. A littafin 1984 da George Orwell ya fitar a 1949, shugaban da ake tsoro sunansa na nufin Babban Yaya, wato mai kula da ƙanne, kuma daɗin sunan ne ke tayar wa mai karatu da tsigar jiki.

Kafin ka sa wa kowa suna, fara sanin wanda ya raɗa masa a cikin duniyar labarin. Iyaye ne ranar bakwai, da rago da addu'a, ko hukuma? Yevgeny Zamyatin na Rasha, a littafinsa da aka fara bugawa da Turanci a 1924, ya hana mutanensa suna gaba ɗaya: namiji harafin baƙi da lamba, D-503, mace harafin wasali da lamba, I-330. Shi kuwa Aldous Huxley a 1932 ya ɗebo sunayen manyan zamaninsa ya raba wa mutanen da ake ƙyanƙyashewa a kwalabe, ka ga Bernard Marx da Lenina, daga sunayen jagororin gurguzu Karl Marx da Lenin.

Jarumin Orwell shi ne Winston Smith. Ma'anar Smith ita ce maƙeri, kuma babu sunan dangin da ya kai shi yawa a Ingila, don haka mutumin gama-gari ne. Amma an haife shi wajajen 1945, lokacin da Winston Churchill, firayim ministan Birtaniya, ke kan ganiyarsa, kafin jam'iyyar danniya ta cikin littafin ta ƙwace mulki. Ni a wurina sunan nan ɗan abin da ya rage masa ke nan daga iyayensa.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na Margaret Atwood 'yar Kanada, a littafinta na 1985 kan matan da ake tsarewa don haihuwa kawai. Jarumar sunanta Offred, ma'ana ta Fred, mutumin da aka kai ta gidansa. Idan an canja mata gida, sunan ya canja. Akwai abokiyar zuwanta cefane, Ofglen. Wata rana sai ga wata baƙuwar mace ta zo a madadinta, ta ce ita ce Ofglen. An ɗauke mutum, sunan yana nan ya sami sabuwar mai shi.

Saboda haka ka koma ka yanke shawara a kan abu ɗaya: a ƙasar taka, har yanzu ana taron suna, ko hukuma ta hana? Idan ta hana, ka ba jarumin sunan da uwarsa ke kiransa da shi a ɓoye, kada kuma ka bari mai karatu ya ji shi sai labari ya yi nisa.