Tambaya da Amsa: Kwamfutar Gwanjo a eBay

Tambaya: Malam, ina koyar da yara a unguwar Zariya nan Maradi. Ƙanena da ke Faransa ya ce zai saya mini kwamfutar hannu a gwanjon eBay, shafin saye da sayarwa na intanet. Yaya za mu yi kada a cuce mu?

Amsa: Malama, ki gode wa Allah da ƙaninki yana Faransa, don masu sayarwa da yawa ba sa aiko kaya Nijar kai tsaye. Kuma kwamfutar can tana da jerin haruffan AZERTY da kika saba da shi, filoginta ya dace da wutarmu ta 220. Ta Amurka QWERTY ce.

Kafin ya taya, ku zauna ku yanke iyakar kuɗinku, har da na aikowa da na duwan. A eBay mutum yana rubuta mafi yawan abin da zai iya biya, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. To kada zafin gasa ya sa ya wuce iyakar nan. Na sha ganin wanda ya sayi tsohuwa da kuɗin sabuwa don kawai kada a kayar da shi.

Ya duba ra'ayin waɗanda suka taɓa saye wurin mai sayarwar. Ya nemi hoton kwamfutar a kunne, ya tambayi lafiyar batir, don zafin Maradi ba ya raga wa batirin da ya gaji. In an rubuta "don kayan gyara", ya bar ta. Kuma ya gwada ta can kafin ya ba matafiyin da zai kawo miki ita, tun ana iya mayar da ita.