Amsa ga ƙanwata mai neman salon hotunan mawaƙan rok don mujallar ɗalibai

Ƙanwata, na ga tambayarki. An ba ku aikin haɗa mujalla a makaranta, hotunan mawaƙan rok na Ingila da Amurka sun burge ki, kina neman ta inda za ki ɗauko salonsu. Na daɗe ina riƙe kyamara a wuraren kiɗa da taruka, to bari in ba ki abin da na sani.

Kada gita da doguwar suma da hayaƙin dandamali su ɗauke miki hankali. Abin da ya raya hotunan nan shi ne mai kyamarar yana dab da abin, kuma ya san lokacin da zai danna. Nemi hoton da Pennie Smith ta ɗauka a watan Satumban 1979 a zauren Palladium da ke birnin New York. Paul Simonon na ƙungiyar The Clash ne ya fusata yana shirin maka gitarsa da ƙasa: ƙafafu a ware, baya a lanƙwashe, ya riƙe wuyan gitar da hannu biyu kamar mai faskare. Ita kuwa tana ja da baya ne don kada ya same ta, shi ya sa hoton ya fito dishi-dishi. Ita da kanta ba ta so a yi amfani da shi ba, 'yan ƙungiyar suka nace, ya zama bangon faifansu London Calling. Dishi-dishin nan shi ke sa mai kallo ya ji saurin abin a jikinsa. Da malamin hoto za a kai wa, wataƙila ya ce a sake, alhali abu ne da ba ya maimaituwa.

Kuma kada ƙuruciya ta sa ki raina kanki. Ed Caraeff yana ɗan shekara 17 ya ɗauki makaɗin gita Jimi Hendrix durƙushe gaban gitarsa tana ci da wuta a bikin Monterey na 1967.

Wanda ni ya fi kama min zuciya ma ba a dandamali aka ɗauke shi ba. A watan Janairun 1979 Kevin Cummins ya tsayar da 'yan ƙungiyar Joy Division kan wata gada a unguwar Hulme ta Mancesta, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, su huɗun can nesa 'yan mitsi-mitsi. Babu kayan kiɗa ko ɗaya, amma da gani kin san irin garin da ya haifi wannan kiɗan. Don haka ki roƙi makaɗan da za ki ɗauka su bar ki ki zauna wurin gwajinsu, ki bi su inda suke ɗaure waya da gyara tsirkiya. Da farko za su riƙa tsayuwar hoto suna gyara riga. Ki yi haƙuri har su manta da ke, nan aikin yake farawa.

A manyan wasanni ƙa'idar da aka saba ita ce waƙoƙi uku na farko kawai ake bari a ɗauka, kuma ban da filash. Ki horar da kanki a kan haka ko ba wanda ya hana ki, domin filash yana kashe hasken wurin ya bar fuska fayau. Ki ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa kyamara jin haske, saurin ɗauka kuma kada ya gaza 1/250 na sakan in kina son tsayar da motsi. Ki saurari waƙoƙin tun a gida. Inda amshi ya dawo, galibi motsin mawaƙi ma yana dawowa, sai ki tare shi. Ki jira ya janye baki daga makirufo, in ba haka ba rabin fuskarsa ƙarfe ne.

Wajen tsara shafi, hoto guda mai ƙarfi ya cika shafi ya fi goma ƙanana. In kuɗin ɗab'i kaɗan ne, ku tafi baƙi da fari, ya fi jure takarda mai arha. Mujallar Sniffin' Glue da Mark Perry ya fara a Landan a 1976 da injin fotokwafi ake buga ta, kanun labarai da hannu, kuma matasa suka yi rububinta.

Sai gargaɗi: waɗancan hotuna suna da masu su, kada ki kwaso daga intanet ki buga ba izini. Ki kalle su ki koya, ki ɗauki naki, ki sa sunan mai hoto ƙarƙashin kowanne.

In rok ɗin kike so ido da ido, duba maƙwabta. Bombino da Mdou Moctar na Nijar da gitar lantarki suka yi suna a bukukuwan aure na ƙasarsu kafin duniya ta san su. Kalli yadda ake ɗaukar su da rawani, ƙura na tashi, jama'a sun yi da'ira, za ki ga salon ya zauna a ƙasa irin tamu.

Ki faɗa min kyamara ce a hannunki ko waya, da girman takardar da za ku buga, sai in gaya miki saitin da zai dace. Allah ya ba da sa'a.