Shin garkuwar da ke cikin ruwan farji tana kare miji daga HIV?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina ɗauke da ƙwayar cutar HIV, maigidana kuwa ba shi da ita. An ce mini abin da gwaji yake ganowa shi ne sinadaran garkuwa da jikina ya haɗa don yaƙar cutar. Shin akwai su a al'aurata, kuma za su iya kare shi? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Lallai akwai su, amma ina roƙonki kada ki dogara da su.

Sinadaran garkuwa iri-iri ne. A hanji da yawu, wanda ake kira IgA ne ya fi yawa, shi ne mai tare ƙwayar cuta tun daga ƙofa. A farji da bakin mahaifa kuwa IgG ne ya rinjaya, kuma kaso mai yawa daga cikinsa daga jini yake tsattsafowa, ragowar kuma ƙwayoyin garkuwar da ke bakin mahaifa ne suke samar da shi. Idan aka auna ruwan farjin mace mai HIV, akan sami IgG mai gane cutar ba tare da wahala ba, amma IgA mai gane ta kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci ma babu shi. Yawansu kuma yana sauyawa da zagayowar al'ada, yana raguwa a kwanakin da ƙwai ke fita. Babbar matsalar ita ce ƙwayar HIV tana yawan sauya kamannin ɓawonta, saboda haka sinadarin da ya gane ta jiya ba lallai ya gane ta yau ba.

A Nairobi ta ƙasar Kenya, masu bincike sun ba da rahoton samun IgA mai gane HIV a al'aurar wasu mata masu zaman kansu da suka daɗe suna cuɗanya da masu cutar ba su kamu ba. Wannan ya ƙarfafa gwiwar masu binciken samar da allurar riga-kafin HIV, sai dai wasu binciken ba su tabbatar da cewa shi ne ya kare su ba.

Abin da aka tabbatar yana kare maigidanki shi ne maganinki. Idan kina shan sa kullum har awon jini ya nuna ƙwayoyin cutar sun gaza 200 a kowace mililita, kuma suka tsaya a haka, ba zai ɗauka ta hanyar saduwa ba. Kafin a kai nan, ku yi amfani da kwaroron roba, ko ya nemi PrEP a asibiti, wato maganin da wanda ba shi da cutar yake amfani da shi don kada ya kamu. Ki kuma guji cusa sabulu ko haɗin matsi a gaba, ki gaggauta maganin duk wani ciwon sanyi, domin kumburi da rauni a wurin suna ƙara yawan ƙwayar cutar a cikin ruwan.