An hana ni bizar dogon zama ta Jamus, in sake nema wata mai zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, shagona yana Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota, na daɗe ina sayar da injina da giyabos na hannu da ake kawowa daga Jamus. Shekaruna 47. Ƙanena da ke Hamburg shi ke saya mini kaya, amma yanzu aikinsa ya sha masa kai. Na yi niyyar in je in zauna shekara ɗaya ko biyu, in buɗe ɗan kamfani, in riƙa sayen motocin da suka yi hatsari ina loda kwantena da kaina. Wani mai konekshan ya haɗa mini takardu, ya ce in ranto kuɗi in zuba a banki kafin ranar ganawa, na kuma yi. An hana ni. Yanzu ya ce in ƙaro kuɗi a sake shigarwa wata mai zuwa. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka kashe. Kada ka ƙara wa mutumin nan ko sidi ɗaya, kuma kada ka shigar da komai wata mai zuwa. Takardun da aka ƙi, in aka mayar da su yadda suke, amsar ba za ta canja ba, sai dai a fayil ɗinka ƙi ya zama biyu. Yuro 75 na kuɗin bizar kuma ba a mayarwa.

Ka fara karɓo takardar da ofishin jakadanci ya ba ka, tare da kwafin duk abin da ya shigar da sunanka. Ka nemi wanda ya iya Jamusanci sosai ya karanta maka ita layi bayan layi, domin dalilin yana ciki. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar da ke zuwa wurina ba su taɓa karanta tasu ba, sun tsaya a kan rashin sa'a ne ko hassada. Kwafin takardun kuwa shi ya fi damuna. In akwai ta bogi a ciki, sa hannunka ne a kan fom, ba na mai konekshan ba, kuma gara ka san haka tun yanzu. Ingila kan hana mutum shiga shekara 10 a kan takardar ƙarya, Amurka kuwa tana iya rufe masa ƙofa har abada, Jamusawa ma ba sa ɗaukar lamarin da wasa.

Biza iri biyu ce a nan, kowacce da tambayarta. Ta gajeren zama, wadda ake kira Shengen, tana ba ka kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma abin da jami'i ke son sani shi ne ko za ka dawo Kumasi. Ta dogon zama doka ce ta ita Jamus kanta, tambayarta kuma daban: me za ka je yi, da me za ka ci, kuma me ƙasarsu za ta ƙaru da shi? Masu konekshan sun saba da ta farko, sai su cika fayil da takardar fili da ta aure da wasiƙar ɗan'uwa cewa zai ba ka masauki. Duk wannan bai taɓa tambaya ta biyu ba.

Mai son zama don ya yi kasuwancin kansa yana ƙarƙashin sashe na 21 na dokar zaman baƙi ta Jamus. Sharuɗɗan su ne a ce akwai buƙatar sana'ar ta fuskar tattalin arziki ko a yankin da za ka, ana sa ran za ta amfani tattalin arzikinsu, kuma jarin yana nan a hannu, na kanka ko bashin da banki ya yi alkawarinsa a rubuce. Ba ofishin Accra kaɗai ke yanke hukunci ba. Ana tura fayil ga hukumar baƙi ta garin da za ka zauna, ita kuma ta kan nemi ra'ayin ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta wurin. Mutane ne da ke karanta tsarin kasuwanci kullum, suna duba lissafin riba da kuɗin hayar fili da ko za ka ɗauki ma'aikata. Ga kuma wani sharaɗi da ya shafe ka kai tsaye: wanda ya haura shekara 45 sai ya nuna tanadin da zai riƙe shi in ya tsufa. Ina kyautata zaton mai konekshan ɗinka bai ma san da wannan ba.

Sai maganar kuɗin aro. Jami'in ba adadin ƙarshe yake kallo ba, tafiyar asusun yake bi wata bayan wata. Asusun da ya yi watanni yana lilo a kan ƙananan kuɗi, rana ɗaya ya kumbura sati biyu kafin ganawa, ya tona kansa da kansa. Abin takaicin shi ne na san kana da cinikin da ya fi wannan kuɗin aron. Matsalarmu a Magazine ita ce cinikin ba ya bin takarda: makanike ya biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a lambar yaron shago, wani ya ƙirgo tsaba ka soke a aljihun jalabiya, da yamma mai susu, wato mai karɓar adashi, ya zagayo ya karɓi nasa, kayanka kuma sun iso tashar jiragen ruwa ta Tema a kwantenar da ke ɗauke da sunan wani. A idon wanda ke zaune a ofis yana duba fayil, ɗan kasuwar nan babu shi.

Gyaran wannan shi ne aikinka na wata shida zuwa shekara. Ka sabunta rajistar shagon a ofishin rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da sunan kasuwancin, duk ciniki ya bi ta nan, har na MoMo a lambar shago guda ɗaya. Ka biya harajinka a GRA, hukumar haraji ta Ghana, ka karɓi takardar shaida, tun da lambar Ghana Card ɗinka ce lambar harajinka tun 2021. Takardar izinin shago ta asambili, wato ƙaramar hukuma, rasit na kwastam, takardar lodin jirgi, duk a ajiye su a fayil ɗaya. Kaya na gaba, ko rabin kwantena ne, ka yi ƙoƙari sunanka ya fito a takardunsa.

Yanzu ga ra'ayina, ko da ba zai yi maka daɗi ba: ban ga kana buƙatar bizar dogon zama ba. Abin da kake so shi ne ka ga kaya da idonka, ka yi ciniki, ka tsaya a kan lodi. Bizar kasuwanci ta gajeren zama ta ishe ka, yuro 90 ce, da inshorar tafiya ta aƙalla yuro 30,000, da wasiƙar gayyata daga kamfanin da kake saya a wurinsa. Tsarin Shengen kuma yana da matakala. Wanda ya samu biza uku ya yi amfani da su bisa ƙa'ida cikin shekara biyu, ana iya ba shi ta shekara ɗaya mai shiga da fita, daga nan ta shekara biyu, sannan ta biyar. Wata uku a can, wata uku a shago, ai ya fi ka bar Magazine shekara biyu a hannun yara, ka dawo ka tarar abokan ciniki sun koma layin gaba. Sai dai wannan bizar ba ta aiki ba ce, kuma kada ka ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adinka.

Kada ka gaggauta nemanta ita ma. Wanda jiya ya ce zai zauna shekara biyu, yau ya dawo ya ce sati uku, dole a yi masa kallon mai neman hanyar shiga. Ka bari takardun shago su taru tukuna, sannan ka rubuta gajeriyar wasiƙa ka faɗi gaskiya: na nemi ta dogon zama an hana ni, na sake lissafi, ga shagona, ga abin da zan saya, ga ranar dawowata. Ɓoye ƙin farko ba shi da amfani, yana cikin kwamfutarsu.

In wani ya ce zai rubuta maka ƙorafi ofishin jakadanci ya sake duba fayil, ka sani Jamus ta soke wannan hanyar a duk duniya tun 1 ga Yulin 2025. Abin da ya rage shi ne sabuwar nema, ko ƙara a kotun harkokin mulki ta Balin cikin wata ɗaya. Ƙara tana ga wanda takardunsa suka cika aka yi masa kuskure, kuma da kuɗin aro a asusunka ban ba ka shawarar kashe kuɗin lauya a kanta ba.

In kamfani a can ne ya tsaya maka a rai, ba dole sai kana zaune a Jamus za ka mallaki hannun jari a cikinsa ba. Nau'in kamfanin da Jamusawa ke kira GmbH yana buƙatar jarin yuro 25,000, kuma ƙanenka zai iya zama manaja in takardar zamansa ta ba shi damar kasuwanci. Ku rubuta yarjejeniya tsakaninku a gaban shaidu, kowa ya san kasonsa. Bayan kamfanin ya yi shekara biyu yana biyan haraji yana fitar da kwantena, neman dogon zama zai samu abin tsayawa a kai. Kuɗin da ka ranta kuwa, ka mayar wa mai shi a wannan satin, ka ajiye shaidar biya.