Shafina ya ɗauke ana saura kwana goma Sallah

Wata Hajiya mai saro atamfa da leshi a Kantin Kwari, tana tura wa masu saye a Abuja da Kaduna, ta rubuto mini hankali a tashe. Ta ce ta ga jar alama a shafinta na intanet da aka gina da manhajar WordPress, ta danna a sabunta komai lokaci guda, sai shafin ya koma fari fat. Yaron da ya haɗa mata shi ya ce sai an gina sabo, ta sake biyan kuɗin aiki. Tana tambaya ko ta biya.

Hajiya, kada ki biya tukuna. Kantinki bai ƙone ba, ƙofa ce ta cije. Hotunan kaya da farashi da sunayen masu oda duk suna nan a ajiye. Galibi ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shafi ce, waɗanda 'yan harkar ke kira fulogin, sabuwarta ta ƙi jituwa da wata, ko da tsohon PHP, wato yaren kwamfutar da shafin ke gudana a kai.

Kafin komai, in kina da tallar Facebook ko Instagram da ke kai mutane shafin, tsayar da ita yanzu. Kina biyan kuɗi ana kawo miki baƙi ƙofa a rufe. Ki sa a WhatsApp cewa a turo oda kai tsaye.

Sai ki duba imel. Tun 2019, da fitowar WordPress 5.2, idan irin wannan ta faru yakan aika wa mai shafin saƙo ɗauke da sunan fulogin ɗin da ta jawo, da wata hanyar shiga ta musamman don a kashe ta. Leƙa har kwandon saƙonnin banza. In babu, mai yiwuwa adireshin yaron aka sa ba naki ba, kuma wannan ya fi damuna a kan farin shafin. Sunan shafin da wurin da kike haya a intanet, da sunan wa aka yi rajistarsu? Ba za ki kama rumfa a Kwari ki bar takardar haya da makulli a aljihun kafinta ba. Ki karɓi kalmomin sirrin nan cikin lalama, yau ba gobe ba.

Da su a hannu, aikin kaɗan ne. A shiga cPanel, wato allon sarrafa wurin da kike haya, a buɗe jakar wp-content, a sauya wa jakar plugins, inda fulogin suke, suna. Duk za su mutu, shafin ya farfaɗo. A leƙa sashen fulogin a cikin WordPress, sannan a maido da sunan, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. Wadda ta sake kayar da shi, ita ce. A mayar da ita tsohuwarta ko a bar ta a kashe.

Wataƙila a ce miki a dawo da kwafin ajiya kawai, wato kwafin shafin da aka adana a baya. Ki tambayi ranar da aka ɗauke shi. In na makon jiya ne, duk odar da ta shigo bayan ranar za ta goge daga shafin, alhali kuɗin mutane ya riga ya shiga asusunki. A fara kwafe odar, ki gwada da alat ɗin banki da abin da Paystack ko Flutterwave ya nuna, in da su kike karɓar kuɗi. Wadda ta biya kuɗin turmi uku ba ta ga kayan Sallah ba, ba za ta saurari labarin fulogin ba.

Yaron kuwa ki biya shi ladan gyara, ba kuɗin gini ba. Ki tambaye shi ko fulogin ɗin na kuɗi saye aka yi ko na sata aka sauko, domin na satan ba a ba su sabuntawa ta gaskiya. Ya kashe miki sabuntawar kai-da-kai, ya ɗauki kwafi yau, ragowar a taɓa su bayan Sallah, da daddare, ɗaya-ɗaya.