Hukuncin cin abincin Kirsimeti da maƙwabciya ta aiko

Tambaya: Malam, ina zaune a unguwar Mabera a Sakkwato. Maƙwabciyata Kirista ce, kuma duk ranar Kirsimeti takan aiko mana da shinkafa da kaza. Kajin a kasuwa take saye, mahauci Musulmi ya yanka mata. Wata ƙawata ta ce haramun ne, wai karɓar kyautar yarda ce da aƙidarsu, in zubar. Mene ne hukunci?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki zubar da abinci. Kirsimeti biki ne da Kiristoci ke tunawa da haihuwar Annabi Isa (AS) a Baitalami. Mafi yawansu suna yin sa ranar 25 ga Disamba, Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuma ranar 7 ga Janairu, domin Linjila ba ta ambaci ranar haihuwar ba. Asalinsa ibada ce a coci bisa aƙidarsu cewa Isa ɗan Allah ne, kuma wannan ɓangaren babu saɓani cewa Musulmi ba ya halartarsa. Sauran kuwa, sababbin kaya da girki da aike wa maƙwabta, al'adun da suka kewaye ranar ne.

Abin da ya warware mas'alarki shi ne abin da kika faɗa game da yankan. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta abin da Kirista ya yanka domin idinsa ko cocinsa, amma kazar da Musulmi ya yanka da sunan Allah ba ta shiga wannan magana ba. Ki ci, ki ba yaranki, matuƙar babu naman alade ko giya a girkin.

Maganar ƙawarki cewa karɓar kyautar yarda ce da aƙidarsu, ban yarda da ita ba. An ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha (RA) game da kyautar da Majusawa ke ba su a ranar idinsu, sai ta hana ta cin abin da aka yanka domin ranar, ta halatta mata 'ya'yan itatuwa. Da ranar ce ke haramta kyauta, da ta hana ta duka. Majusawa ke nan, waɗanda yankansu bai halatta ba ko a wace rana, balle Ahlul Kitabi da aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincinsu. Ibn Taimiyya ma, duk da tsananinsa a kan bukukuwan waɗanda ba Musulmi ba, ya halatta karɓar irin wannan kyauta. Ki gaya wa ƙawarki ta ji tsoron haramta abin da Allah bai haramta ba.

Ina ƙara miki nasiha. Ki sanar da maigidanki, kada abin ya zama sanadin saɓani a gida. Ki zaunar da yaranki ki karanta musu Suratu Maryam, su san matsayin Annabi Isa a wurinmu. Ki yi wa matar godiya da fatan alheri, ba tare da lafazin da ke tabbatar da aƙidarta ba, kuma idan Babbar Sallah ta zo ki kai mata naman layya gwargwadon hali, bisa ra'ayin malaman da suka halatta hakan ga maƙwabci. Wallahu a'alam.